Jitar Sahara: Ƙungiyoyin rok da kundayen waƙa masu ɗauke da tarihin siyasar Sahel

A shekarar 2008 wani matashi Ba'abzine daga jihar Tahoua ta Jamhuriyar Nijar ya shiga wani ɗakin naɗar waƙa a Sakkwato. Kayan aikin da ya tarar irin waɗanda mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da su ne, wato gangar kwamfuta da manhajar da ke lanƙwasa murya. Ya rera waƙoƙinsa da harshen Tamashek a kan wannan salo, ya raɗa wa kundin suna Anar, ya koma gida. Babu kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin. Waƙoƙin sun riƙa yawo ne daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, a tashoshin mota da majalisun shayi, har suka tsallaka Mali.

Sunan matashin Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar. A yau mujallun kiɗa na Amurka da Turai suna lissafa shi cikin gwanayen jitar lantarki na wannan zamani, alhali yawancin matasan Kano da Kaduna, har da na Sakkwaton da ya fara naɗar waƙa a cikinta, ba su taɓa jin sunansa ba.

Mdou reshe ne na wata babbar bishiya. Fiye da shekara 40 ke nan ana kaɗa wani nau'in kiɗan rok a tsakanin Kidal da Tamanrasset da Agadas, kuma kusan kowane kundi a cikinsa yana da alaƙa da wani fari, ko tawaye, ko yarjejeniyar sulhu, ko juyin mulki. Mai son fahimtar abin da ke faruwa a arewacin Mali da Nijar zai ƙaru da sauraron waɗannan ƙungiyoyi kamar yadda zai ƙaru da karanta rahotanni.

Asalin kiɗan

Sunan Abzinawa ya samo asali ne daga Abzin, sunan da Hausawa ke kiran tsaunukan Ayar da ke arewacin Agadas. Su kuwa suna kiran kansu Kel Tamashek, ma'ana masu magana da Tamashek. Da aka ba yawancin ƙasashen yankin 'yancin kai a farkon shekarun 1960, iyakokin da Turawan mulkin mallaka suka shata sun raba su tsakanin Mali da Nijar da Aljeriya da Libiya da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yanzu.

A 1963 tawaye ya ɓarke a yankin Kidal, gwamnatin Modibo Keita ta murƙushe shi da ƙarfin soja. Sai farin 1973 zuwa 1974 ya zo ya halaka dabbobi, na 1984 zuwa 1985 ya ƙarasa abin da ya rage. Dubban samari suka bar kiwo suka nufi Aljeriya da Libiya neman aikin ƙarfi. Ana kiran su ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci mai nufin marasa aikin yi. Su ne suka ɗauki jita suka ɗora mata kiɗan da suka taso da shi: tende, wato turmin da mata ke rufe wa baki da fatar akuya su kaɗa, da imzad mai tsirkiya ɗaya irin goge, da tehardent mai kama da molo. Suka haɗa da tafi da amshi da guɗa. Sun kira sabon kiɗan assouf, kalmar da ta ƙunshi kewar gida da kaɗaicin daji. Turawa daga baya suka laƙaba masa sunan bulus na hamada, amma a can gida sau da yawa jita kawai ake ce masa.

Tinariwen: Aman Iman da Tassili

Duk wanda zai fara, da Tinariwen zai fara. Jagoranta Ibrahim Ag Alhabib yana yaro ƙarami aka kashe mahaifinsa a rikicin da ya fara a 1963. Ya girma a gudun hijira a Aljeriya, inda ya harhaɗa jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. A 1979 ya haɗu da abokansa a Tamanrasset suka fara kiɗa tare. A farkon shekarun 1980 suna cikin samarin da suka amsa kiran Mu'ammar Gaddafi na samun horon soja a Libiya, kuma a sansanonin ne waƙoƙinsu suka zama muryar masu shirin komawa gida da makami. Ana naɗar su a kaset, ana kwafa hannu da hannu, ba tare da an biya kowa sisi ba.

Wasu daga cikinsu sun yi yaƙi a tawayen 1990. Bayan yarjejeniyar Tamanrasset ta Janairun 1991 suka ajiye bindiga suka rungumi kiɗa. Duniya ta fara jin su ne a 2001, shekarar da aka yi bikin Festival au Désert na farko a Tin Essako, aka kuma fitar da kundinsu The Radio Tisdas Sessions, wanda aka naɗa a wani gidan rediyo a Kidal.

Kundin da ya fi dacewa da sabon mai sauraro shi ne Aman Iman na 2007, wanda sunansa ke nufin ruwa shi ne rai. A cikinsa ake jin cikakken salon ƙungiyar: jitoci da yawa suna tafiya a jere kamar ayarin raƙuma, murya ɗaya tana ja, sauran suna amsawa. Na biyu shi ne Tassili na 2011, wanda suka naɗa a cikin tanti a hamadar kudu maso gabashin Aljeriya, tare da baƙi irin su Tunde Adebimpe da Kyp Malone na ƙungiyar TV on the Radio. Kundin ya lashe kyautar Grammy a Fabrairun 2012, wata guda bayan ɓarkewar sabon tawaye a arewacin Mali.

Abin da ya biyo baya ya shafi ƙungiyar kai tsaye. A Afrilun 2012 'yan tawayen MNLA suka ayyana ƙasar Azawad, amma cikin 'yan watanni ƙungiyoyi masu iƙirarin jihadi suka ƙwace Kidal da Gao da Tumbuktu, suka haramta kiɗa. A Janairun 2013 mayaƙan Ansar Dine suka kama ɗaya daga cikin makaɗan Tinariwen, Abdallah Ag Lamida, kafin daga baya su sake shi. Shi ya sa aka naɗi kundin Emmaar na 2014 a hamadar Joshua Tree ta jihar Kalifoniya a Amurka. Elwan na 2017 kuwa yana nufin giwaye, kuma Bahaushe bai buƙatar a faɗa masa abin da ciyawa ke sha idan giwaye suka yi faɗa.

Tamikrest: Chatma

Tamikrest 'ya'yan kaset ɗin Tinariwen ne. Ousmane Ag Mossa da abokansa sun kafa ƙungiyar a 2006 a yankin Kidal, shekarar da wani sabon rikici ya tashi a garin. Sun zaɓi jita maimakon makami, suka kuma buɗe ƙofa ga rege da rok na Turawa fiye da magabatansu. Kundinsu na farko, Adagh, ya fito a 2010.

Wanda ya fi cancanta a ba aboki shi ne Chatma na 2013, ma'ana 'yan'uwa mata. An sadaukar da shi ga matan Abzinawa, waɗanda suka ɗauki nauyin yara da tsofaffi a sansanonin 'yan gudun hijira lokacin yaƙin 2012. Muryar mawaƙiya Wonou Walet Sidati, wadda ta taɓa aiki da Tinariwen, ta ba kundin wani nauyi na daban. Kidal na 2017 kuma yana magana ne a kan garin da ya zama cibiyar kowane tawaye tun 1963, wanda sojojin Mali da mayaƙan Wagner na Rasha suka shiga a Nuwamban 2023.

Songhoy Blues: Music in Exile

Ba Abzinawa kaɗai yaƙin 2012 ya kora daga gida ba. Garba Touré da Aliou Touré da Oumar Touré, samari 'yan ƙabilar Songhai daga yankunan Tumbuktu da Gao, sun tsinci kansu a Bamako, inda suka kafa Songhoy Blues tare da mai ganga Nathanael Dembélé. Sunan Touré ne kawai ya haɗa su, ba 'yan gida ɗaya ba ne. Mahaifin Garba ya yi kiɗa a tawagar marigayi Ali Farka Touré, kuma ana jin wannan gado a yatsun ɗan.

Kundinsu na farko, Music in Exile na 2015, wanda Nick Zinner na ƙungiyar Yeah Yeah Yeahs ya taimaka wajen shiryawa, kiɗa ne mai sauri da zafi, na matasan birni masu fushi da kewar gida. Résistance na 2017 ya biyo baya, har da muryar tsohon mawaƙin rok na Amurka Iggy Pop a waƙa ɗaya. Muhimmancin Songhoy Blues a wannan jeri shi ne suna tunatar da mai sauraro cewa arewacin Mali na ƙabilu da yawa ne, kuma saƙonsu ya fi karkata ga haɗin kan ƙasar. Labarinsu yana cikin fim ɗin They Will Have to Kill Us First na 2015, wanda ya bi mawaƙan Mali a lokacin haramcin kiɗa.

Bombino: Agadez da Nomad

A Nijar, uban wannan kiɗa shi ne marigayi Abdallah Ag Oumbadougou, wanda kaset ɗinsa suka raka tawayen shekarun 1990, ya kuma rasu a 2020. Tawayen ya biyo bayan kisan da sojoji suka yi wa fararen hula a Tchintabaraden a Mayun 1990, ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, ranar da har yau ake hutu a Nijar don tunawa da ita.

Omara Moctar, wanda aka haifa a 1980 a Tidene kusa da Agadas, yana ɗan shekara 10 iyalinsa suka gudu Aljeriya saboda wannan rikici. A can ya fara taɓa jita. Da ya dawo Agadas ya shiga wata tawaga, kasancewarsa ƙaramin cikinsu aka laƙaba masa Bombino, daga kalmar Italiyanci mai nufin yaro.

A Fabrairun 2007 ƙungiyar MNJ ta ƙaddamar da sabon tawaye, kuma ɗaya daga cikin manyan buƙatunta shi ne a ba yankin kaso mai tsoka daga kuɗin yuraniyom da ake haƙa a Arlit tun 1971. Gwamnatin Mamadou Tandja ta sanya jihar Agadas cikin dokar ta-ɓaci. Bombino ya sha bayyana cewa a lokacin hukumomi sun ɗauki jita a matsayin alamar tawaye, an kuma kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, abin da ya sa ya tsere Burkina Faso. Ya dawo a Janairun 2010, ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas mai hasumiyar laka, a gaban jama'ar gari da suka fito murnar ƙarewar yaƙi.

Kundin Agadez na 2011 shi ne hoton wannan dawowa, mai taushi da natsuwa. Nomad na 2013, wanda Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ya shirya a Nashville, shi ne mafi kusa da kunnen wanda ya saba da rok na Amurka. Deran na 2018, wanda aka naɗa a Kasablanka, ya sa Bombino ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy.

Mdou Moctar: Afrique Victime da Funeral for Justice

Waƙoƙin da Mdou ya naɗa a Sakkwato sun faɗa hannun wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a arewacin Mali. Ya saka ɗaya a cikin tarin Music from Saharan Cellphones, ya kuma bi sawun mawaƙin har ya same shi. Kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar da kundayen Mdou na farko, suka kuma yi fim tare a Agadas da ya fito a 2015, wanda ya ɗauko tsarin labarinsa daga fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince.

Mdou bahago ne, kuma shi ma jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya yi ta, a gidan da iyaye ba sa son kiɗa. Tawagarsa ta mutum huɗu ce: shi, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun a jitar bas. Sun ɗauko saurin kiɗan bikin aure na Agadas suka ƙara masa ƙarar na'ura. Ilana na 2019 ne ya fara nuna wannan ƙarfi, Afrique Victime na 2021 ya kai shi ƙoli. Waƙar da kundin ya ci sunanta tana tuhumar mulkin mallaka da abin da ya bari a nahiyar, tana farawa a hankali kafin jitar ta ɓarke kamar guguwa.

Ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum, tawagar tana rangadi a Amurka. Rufe iyakoki ya hana 'yan Nijar uku na cikinta komawa gida na wani lokaci. Kundin Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, ya fito a Mayun 2024, amma an kammala naɗarsa kafin juyin mulkin, don haka kuskure ne a ɗauke shi a matsayin waƙar yabon sojoji. Waƙar Oh France tana caccakar rawar da Faransa ta taka a Nijar, a daidai lokacin da sojojinta suka fice a Disamban 2023, aka kuma shiga taƙaddama da kamfanin Orano kan ma'adinan Arlit da Imouraren. Waƙar Imouhar kuma kira ce ga Abzinawa da su riƙe harshensu kada ya ɓace. Wannan batu ya shafi Hausawa kai tsaye, domin kundin tsarin da gwamnatin soja ta fitar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sa Tamashek a jerin sauran harsunan da ake magana da su. Tears of Injustice na 2025 maimaicin waƙoƙin ne da jitar da ba ta lantarki ba.

Les Filles de Illighadad: Eghass Malan

Tende kiɗan mata ne, amma da jita ta zo sai maza suka mamaye ta. Fatou Seidi Ghali, daga ƙauyen Illighadad a tsakiyar Nijar, ta koya wa kanta kiɗa da jitar yayanta, ta zama ɗaya daga cikin matan Abzinawa na farko da suka yi suna da ita. Tare da Alamnou Akrouni suka fitar da kundi na farko a 2016, rabi jita rabi tende, an naɗe shi a fili ana jin motsin ƙauye. Eghass Malan na 2017 ya haɗe biyun wuri ɗaya: jita tana maimaita zance ɗaya, turmi da ƙwarya a cikin ruwa suna riƙe da kiɗa, muryoyi suna amshi. Wanda ya taso yana jin kiɗan ƙwarya da amada zai gane wannan tsari tun daga waƙar farko.

Etran de l'Aïr da Tal National

Ba kowane mai jita ne ya fito daga sansanin tawaye ba. Etran de l'Aïr, wato taurarin Abzin, ƙungiyar 'yan'uwa ce da ta fara a 1995, ta kuma shafe shekaru tana kiɗan biki da suna a unguwannin talakawan Agadas. Kundinsu Agadez na 2022 kiɗan rawa ne zalla, wanda ya aro daga salon Hausa da na Zabarmawa har da sukus na Kwango. Agadas gari ne da Hausa ke zaman harshen kasuwa da titi, kuma tattalin arzikinsa ya sha wuya bayan dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, wadda sojoji suka soke a Nuwamban 2023. A irin wannan gari, kuɗin da makaɗi ke samu a biki shi ne abincin gidansa.

A Yamai kuma akwai Tal National, wadda Hamadal Issoufou Moumine, mai laƙabin Almeida, ya jagoranta yana kuma aikin alƙali. Ƙungiyar ta haɗa Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Abzinawa, tana waƙa da harsunansu. Kaani na 2013 da Tantabara na 2018 sun fi duk kundayen da ke wannan jeri sarƙaƙiyar ganga, kuma a nan ne Bahaushe zai fi jin harshensa.

Abin lura ga mai sauraro

Kamfanonin Turai da Amurka sun daɗe suna tallata wannan kiɗa da hoton ɗan tawaye mai rawani, bindiga a kafaɗa ɗaya jita a ɗaya. Hoton yana sayar da tikiti, amma yana ɓoye abubuwa. Tawayen Abzinawa ya ci rayukan fararen hula daga kowane ɓangare, kuma a Bamako akwai masu kallon goyon bayan da wasu mawaƙa ke bai wa Azawad a matsayin neman raba ƙasa. Mawaƙan kansu ba bakinsu ɗaya ba: abin da Tamikrest ke nema ga Kidal daban yake da abin da Songhoy Blues ke nema ga Mali, kuma suka ga Faransa a bakin Mdou ba ta nufin amincewa da duk wanda ya kore ta.

Akwai kuma batun inda kiɗan ke rayuwa. Rabon da a yi Festival au Désert a gida tun Janairun 2012. Kusan duk kundayen da aka ambata kamfanonin waje ne suka fitar da su, kuma kuɗin shigar manyan mawaƙan ya dogara ne da bizar Turai da Amurka. Ƙungiyar Imarhan ta Tamanrasset ta nemi mafita ta hanyar gina ɗakin naɗar waƙa a garinsu, inda suka naɗi kundin Aboogi na 2022.

Wanda zai tura wa aboki kundi uku kacal, sai ya fara da Aman Iman don ya ji tushe, ya bi da Eghass Malan don ya ji inda tushen ya fito, ya rufe da Afrique Victime. Yawancin waƙoƙin da Tamashek ake rera su, amma mai fassara bai yi nisa ba. Farin 1973 da na 1984, waɗanda suka tura ishumar Libiya, su ne suka turo 'yan'uwansu Kano da Katsina da Sakkwato, inda da yawa suka zauna suna gadi da ƙirar azurfa da sana'ar fata, 'ya'yansu kuma suka tashi da Hausa a baki. Idan aka kunna wa ɗaya daga cikin dattawansu waƙar Tinariwen a gefen butar shayinsa, zai iya faɗin abin da take cewa, watakila ma har da sunan rijiyar da ake magana a kanta.